Gano Cutar Birkin Lantarki na Tirela: Darasi a Kan Dokar Ohm

GABATARWA

Idan aka ambaci tirela a ƙasar Hausa, abin da kan zo wa mutum a zuci shi ne doguwar motar nan mai tayoyi barkatai, wadda ke ɗaukar siminti ko taki ko shanu tsakanin Arewa da Kudu. Irin wannan mota da birkin iska take tsayawa, watau iskar da aka matse cikin tanki ita ce ke tura birkin, shi ya sa akan ji tana huci duk sa'ad da direba ya ɗaga ƙafa. Wannan darasi kuwa ya shafi ƙanwarta ne, watau ƙaramar tirela wadda akan rataya a bayan a-kori-kura ko jif. A ƙasashen Amurka da Kanada da Ostareliya irin waɗannan tireloli sun yi yawa ƙwarai. Da su ake ɗaukar dawaki da ciyawa da ƙananan injunan noma, akwai kuma masu siffar ɗaki, waɗanda iyali kan ja su tafi yawon hutu su kwana a ciki. Da yawa daga cikinsu da wutar batirin mota birkinsu ke aiki.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin nazarin na'urar da ba kasafai akan gan ta a garinsu ba? Amsa ita ce, da wuya a sami wata na'ura guda wadda ta tattara darussan lantarki na makarantar sakandare wuri ɗaya kamar wannan. A cikinta akwai maganaɗisun lantarki, akwai Dokar Ohm, akwai kuma lissafin turjiya. Daɗin daɗawa, hanyar da ake bi a gano cutarta ita ce dai ake bi a gano abin da ya hana fitilar mota kamawa, ko abin da ya sa wutar sola ta gida ta yi rauni.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

A ɗauki tirela mai nauyin kilogiram 2,000 tana tafiyar kilomita 80 cikin sa'a, watau kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan aka yi lissafin kuzarin motsinta, za a sami wajen jul 494,000. Wannan daidai yake da kuzarin da za ta samu in da za a sako ta daga tsayin mita 25. To, idan birkinta ya mutu, dukan wannan kuzari zai koma kan birkin motar da ke janta, wanda ba a ƙera shi don haka ba. Tazarar tsayawa za ta ƙaru, birkin motar ya yi zafi ya rage kamu, sa'an nan in a kan kwana ne ko gangara, tirelar na iya ture bayan motar gefe guda har su haɗe kamar almakashi.

Saboda haka ne hukumomi suka kafa dokoki. A Ingila da Ostareliya, duk tirelar da nauyinta tare da kaya ya wuce kilogiram 750 dole ta kasance da birkin kanta. A jihohi da yawa na Amurka iyakar ita ce laba 3,000, watau kimanin kilogiram 1,360. Babban abin tsoro game da birkin lantarki shi ne yakan mutu shiru. Ba mai da zai ɗiga a ƙasa, ba iskar da za a ji tana fita, sai ranar da aka buƙace shi sa'an nan a tarar ba ya nan.

YADDA BIRKIN KE AIKI

Tushen wannan na'ura ya koma ga wasu masana uku. A shekarar 1820 Hans Oersted, mutumin Denmak, ya lura cewa allurar kamfas takan karkata idan aka kusantar da ita ga wayar da lantarki ke gudana a cikinta. A 1825 William Sturgeon na Ingila ya nuna wani ƙarfe mai siffar kofaton doki wanda ya naɗe da wayar tagulla. Nauyinsa bai fi giram 200 ba, amma da aka ba shi wuta sai ya ɗaga ƙarfe mai nauyin wajen kilogiram 4. Sa'an nan a 1827 Georg Ohm, wanda ya daɗe yana koyarwa a wata makarantar sakandare a birnin Kolon na Jamus, ya buga dokar da ta bayyana dangantakar abubuwa uku: matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt, kwararar lantarki, wadda ake aunawa da amfiya, da turjiya, wadda ake aunawa da om. Dokar ta ce idan aka raba matsi da turjiya, abin da aka samu shi ne kwarara.

A bayan kowace taya ta tirelar akwai wani kwanon ƙarfe mai juyawa tare da tayar. A cikin kwanon akwai ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda aka lulluɓe bayansu da abin da ke jure guga. Akwai kuma wani hannu na ƙarfe mai lilo, wanda a ƙarshensa aka maƙala maganaɗisun lantarki, girmansa bai kai tafin hannu ba. Idan wuta ta shiga maganaɗisun, sai ya manne wa fuskar kwanon ta ciki. Da yake kwanon juyawa yake yi, sai ya ja maganaɗisun, maganaɗisu ya ja hannun, hannun kuma ya buɗa ƙarafan nan biyu su matse kwanon. Gwargwadon yawan wuta, gwargwadon ƙarfin mannewa, gwargwadon kamun birki. A lura da wannan, domin zai yi amfani nan gaba: juyin tayar shi ne ke ba da ƙarfin matsewa, aikin wuta kawai ta haɗa maganaɗisu da kwano. Saboda haka tayar da ke tsaye cik ba ta nuna ko birkinta na aiki, sai an juya ta.

Abin da ke ƙayyade yawan wutar wata ƙaramar na'ura ce da ke gaban direba, wadda ake kira kwantirola. Iri biyu ce. Akwai mai bin lokaci, wadda da zarar an taka birki sai ta fara aika wuta kaɗan, tana ƙarawa har ta kai iyakar da direba ya saita. Akwai kuma mai jin yadda mota ke rage gudu, wadda ke aika wuta daidai da tsananin birkin da aka taka. Kowace iri tana da wani ɗan maɓalli da direba kan matsa da hannu ya kama birkin tirela kaɗai. Wayoyi huɗu ke fita daga kwantirola bisa al'adar Amurka: baƙa daga batir, ja daga makunnin fitilar birki, shuɗiya zuwa tirela, fara kuma ta komawa ga batir. Tsakanin mota da tirela akwai soket mai baki bakwai. Launin wayoyin sigina da danja yakan bambanta daga wannan maƙeri zuwa wancan, amma galibi shuɗiya ta birki ce, fara kuma ta komawa.

JIKIN ƊAN ADAM DA JIKIN TIRELA

Ɗalibin ilimin halittu zai ga kamanni a nan. Idan mutum ya so ɗaga ƙafa, ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni, saƙon ya bi ta laka, ya shiga jijiya, ya tsallaka mahaɗar jijiya da tsoka, sa'an nan tsoka ta motsa. Idan aka kawo wa likita majinyacin da ƙafarsa ta shanye, ba ya fara da yanke hukunci cewa tsokar ce ta lalace. Yakan bi hanyar saƙon zango zango, yana gwaji, har ya gano inda ya tsaya. Haka ya kamata mai gyaran birki ya yi: kwantirola ita ce ƙwaƙwalwa, shuɗiyar waya jijiya, soket mahaɗa, maganaɗisu da ƙarafansa kuma tsoka.

Sai dai akwai inda kamannin ya ƙare, kuma a nan ne masu gyara da yawa ke tuntuɓe. Saƙon jijiya tafiya yake yi ya isa tsoka, shi ke nan. Lantarki kuwa ba ya gudana sai ya sami hanyar da zai koma inda ya fito. Wutar da ta bar batir ta bi shuɗiyar waya ta ratsa maganaɗisu, wajibi ne ta dawo ta farar waya ko ta ƙarfen jikin tirela, ta sake ratsa soket, ta isa ɗaya kan batir. Duk amfiyar da ta tafi sai ta dawo. Ke nan rabin da'irar yana kan hanyar komawa, kuma tsatsa a kan notin da ya ɗaure farar waya da jikin tirela tana raunana birki daidai da yadda tsatsa a kan shuɗiyar waya za ta yi. Wasu kan dogara ga ƙarfen da aka rataya tirela da shi ya zama hanyar komawa. Wannan kuskure ne, domin wurin cike yake da giris da ƙura, kuma yana motsi koyaushe, sai birki ya riƙa kamawa yana saki.

CUTUTTUKA UKU

Kusan duk wata matsalar lantarki ta birkin tirela ɗaya ce daga cikin uku. Ta farko katsewa, watau hanya ta yanke ɗungum, ko waya ta tsinke, ko fis ya ƙone, ko naɗin cikin maganaɗisu ya rabu. A nan ba wutar da ke gudana. Ta biyu ratse, wanda masu aikin riwaya ke kira shot, watau robar waya ta goge, tagullar ta taɓa ƙarfe, wuta ta sami gajeriyar hanya ta koma batir ba tare da ta bi ta maganaɗisu ba. A nan kwarara takan yi yawa har fis ya ƙone ko kwantirola ta ɗauke kanta. Ta uku ita ce ƙaruwar turjiya saboda tsatsa, ko sakin noti, ko siririyar waya. Ita ce mafi wuyar ganowa, domin komai yana aiki, amma da rauni.

Misali da lissafi zai fayyace wannan. Maganaɗisun birki mai faɗin inci 10 ko 12 yana da turjiyar da ke tsakanin om 3 da om 4, a ce om 3.2. Ana haɗa su ne kafaɗa da kafaɗa, kowanne da nasa reshe daga shuɗiyar waya. Idan turjiyoyi iri ɗaya suka haɗu haka, sai a raba turjiyar guda da yawansu. Tirela mai maganaɗisu huɗu ke nan tana da om 0.8. A ƙara om 0.2 na wayoyi, ya zama om 1. Batir mai bolt 12 zai tura amfiya 12, kowane maganaɗisu ya sami amfiya 3, wanda shi ne abin da ake so. To, a ce tsatsa ta ci bakin soket ta ƙara rabin om kacal. Jimlar turjiya ta zama om 1.5, kwarara ta faɗi zuwa amfiya 8, kowane maganaɗisu ya koma amfiya 2. Kashi ɗaya cikin uku na wutar ya tafi saboda tsatsar da da ƙyar ido zai gani. Bugu da ƙari, wurin tsatsar zai riƙa fitar da zafin wat 32, abin da ya isa ya narka robar soket a hankali.

Kaurin waya ma yana da nasa tasiri. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2, idan tsawonta ya kai mita 20 zuwa da dawowa, turjiyarta wajen om 0.17 ce, kuma za ta cinye kimanin bolt 2 idan amfiya 12 na bi ta cikinta. Idan aka sa mai murabba'in milimita 5, asarar ba za ta kai bolt 1 ba.

KAYAN AIKI DA KIYAYE LAFIYA

Ana buƙatar maltimita mai auna bolt da om, da fitilar gwaji, da batir mai cikakken caji, da waya mai fis, da kamfas irin na ɗalibai. Wanda zai auna amfiya ya sani cewa yawancin ƙananan mitoci ba su ɗaukar fiye da amfiya 10, alhali maganaɗisu huɗu na jan 12. Mitar da ake maƙala wa waya kamar awartaki ta fi dacewa, muddin mai auna wutar batir ce. Kafin a fara, a ajiye tirela a wuri mai daidai, a tokare tayoyi da katako, in kuma za a ɗaga ta, a sa mata abin tallafi mai ƙarfi, kada a amince wa jak kaɗai. Idan aka buɗe kwanon birki, kada a hure ƙurar ciki da baki ko da iska. Tsofaffin birki na iya ƙunsar asbesto, wanda zarensa kan maƙale a huhu ya haifar da cuta bayan shekaru masu yawa.

MATAKAN BINCIKE

Mataki na farko shi ne tambaya da dubawa, kamar yadda likita ke sauraren majinyaci kafin ya taɓa shi. Dukan tayoyi ne ba su kamawa, ko guda ɗaya? Kullum ne, ko sai an shiga gargada? Idan duka ne, cutar tana kan abin da suka yi tarayya a kai, watau kwantirola, ko soket, ko babbar waya, ko hanyar komawa. Idan taya guda ce, cutar tana reshenta. Idan sai an shiga gargada, akwai wayar da ta saki ko take gugar ƙarfe. Idan danjar tirela takan dushe sa'ad da aka taka birki, ko wata fitilar da ba a kunna ba ta yi ɗan haske, wannan alama ce mai ƙarfi cewa hanyar komawa ta lalace, wuta na neman mafita ta cikin fitilu. Daga nan a duba soket da ido, a nemi koren tsatsa irin ta tagulla, ko bakin da ya lanƙwashe, ko alamar ƙuna.

Mataki na biyu shi ne raba matsalar gida biyu. A cire soket, a raba mota da tirela. A ɗauko batir na daban, a haɗa kansa mai alamar ɗebewa da bakin farar waya, mai alamar tarawa kuma da bakin shuɗiya ta hanyar waya mai fis. A ɗaga tayoyin ɗaya bayan ɗaya a juya su da hannu. Idan kowacce ta ƙame nan take, tirela lafiya take, sai a koma kan mota. In ba haka ba, an wanke motar daga zargi. Da wannan gwaji guda an rage rabin aikin. Kada a bar wutar ta daɗe, domin maganaɗisu kan yi zafi.

Mataki na uku, idan zargi ya faɗa kan mota. A tabbatar wuta na isa kwantirola ta baƙar waya, a duba fis ko makarin da ke kusa da batir, a duba farar wayarta. A taka birki a ga ko jar waya ta kawo wuta. Sa'an nan wani ya matsa maɓallin hannu har ƙarshe, a auna bakin shuɗiyar waya a soket ɗin mota, ya kamata a ga abin da ya yi kusa da bolt 12 idan an saita kwantirola a iyakarta. A nan akwai tarko biyu. Na ɗaya, kwantirola mai jin ragewar gudu ba ta aika wuta sosai idan aka taka birki mota na tsaye, kuma wannan ba cuta ba ce, shi ya sa da maɓallin hannu ake gwaji. Na biyu, kwantirolin zamani da yawa sukan yayyanka wutar su aika ta guntu guntu cikin sauri, wasu kuma ba su sakin wuta sai sun ji akwai kaya a ɗaya ɓangaren. Saboda haka ya fi kyau a yi gwajin da kwan fitila mai jan wuta sosai, ko da maganaɗisu guda da aka tabbatar lafiyarsa ƙalau.

Mataki na huɗu, idan zargi ya faɗa kan tirela. A nan ne lissafin da ya gabata zai biya. A sa mita a kan om, a fara haɗa bakunanta biyu a ga turjiyar wayoyinta, domin a cire ta daga sakamako. Sa'an nan a auna tsakanin bakin shuɗiya da na fara a soket ɗin tirela. Idan maganaɗisu huɗu ne, kowanne om 3.2, ana sa ran ganin wajen om 0.8 da ɗan ƙari. Idan aka ga kusan 1.1, uku ne kawai ke cikin da'ira. Idan 1.6 ne, biyu ne, kuma sau da yawa hakan na nufin aksul guda ya fita gaba ɗaya. Idan mita ta nuna ba hanya sam, babbar waya ta katse. Idan kuwa ta nuna kusan sifiri, akwai shot. Da awo ɗaya, ba tare da an kwance ko noti ba, an ƙirga maganaɗisun da ke raye.

Domin a san wace taya ce ta mutu, sai a koma ga gwajin Oersted. A ba birki wuta, a kusantar da kamfas ga kowace taya. Inda maganaɗisu ke aiki allura za ta karkata, inda ya mutu kuwa ba za ta motsa ba. Mai kunne kuma zai iya jin ɗan amo na fitowa daga tayar da ke samun wuta daga kwantirola. Wuraren da waya ta fi lalacewa su ne inda ta shiga bayan kwanon birki, da inda take lilo tsakanin jikin tirela da aksul, da kuma cikin bututun aksul, inda wasu maƙera kan zura ta zuwa ɗaya tayar, ta yi ta guga a ɓoye har robarta ta cinye.

Mataki na biyar shi ne gwajin maganaɗisun kansa. A raba wayoyinsa biyu da sauran, a auna tsakaninsu, ya kamata a sami om 3 zuwa 4. Sa'an nan a auna tsakanin waya guda da ƙarfen jikinsa. A nan bai kamata a sami hanya ba ko kaɗan, in an samu, naɗin ciki ya taɓa jiki, sai canji. A duba fuskarsa da ruler ƙarfe ko wani abu miƙaƙƙe, in ta cinye a karkace ko tagulla ta fara leƙowa, ya gama aiki. Akan canja na dama da na hagu tare, domin kamun ya zo daidai. Wayoyinsa biyu ba su da bambanci, kowacce na iya zama ta shiga ko ta fita.

YAUDARAR MITA

Akwai kuskure guda da ya cancanci a keɓe masa wuri. Mai gyara kan ɗora mita a ƙarshen waya, ya ga bolt 12, ya ce wayar lafiya take. Amma maltimita ta zamani turjiyarta ta kai om miliyan 10, wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba. Ko da silin tagulla ɗaya ne ya rage a wayar, mita za ta nuna bolt 12, kamar yadda famfon da bututunsa ya kusa toshewa kan yi tsartuwa da ƙarfi sa'ad da aka fara buɗe shi, sa'an nan ya koma ɗiga. Maganin wannan shi ne a yi awo sa'ad da birki ke jan wuta sosai. A haɗa mota da tirela, a matsa maɓallin hannu, a ɗora bakin mita ɗaya kafin mahaɗar da ake zargi, ɗayan kuma bayanta. Mahaɗa mai kyau kusan sifiri za ta nuna. Wadda ta nuna bolt ɗaya ko biyu, ita ce ɓarauniyar. Haka za a yi wa hanyar komawa, a auna daga ƙarfen jikin tirela zuwa kan batir mai alamar ɗebewa, in asarar ta haura rabin bolt, a kwance notin, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tamau, a shafa abin hana tsatsa.

BIRKIN GAGGAWA

Manyan tireloli na wannan aji suna ɗauke da ƙaramin batir nasu da wani makunni mai ƙusa, wadda aka ɗaure da siririyar igiyar ƙarfe a jikin mota. Idan tirela ta ɓalle a kan hanya, igiyar za ta fizge ƙusar, wuta ta tafi kai tsaye ga maganaɗisu, birki ya kama. Dokar tarayyar Amurka ta motocin sufuri, haka ma ta Ostareliya game da tirelar da ta wuce kilogiram 2,000, sun buƙaci birkin ya ci gaba da riƙewa aƙalla minti 15. Wannan batir yakan mutu ba a sani ba, saboda haka a riƙa gwada shi: a cire soket tukuna don kare kwantirola, a zare ƙusar, a juya taya, sa'an nan a mayar da ita nan da nan. Idan kuwa aka tarar birkin tirela ya ƙame ba tare da an taka komai ba, a fara duba wannan makunni, ko kuma a duba ko shuɗiyar waya ta taɓa wayar caji a cikin soket.

IDAN WUTA TA WANKE KANTA

Wani lokaci duk awo zai fito daidai, amma birki ya ƙi kamawa yadda ya kamata. A nan cutar ta koma ta ƙarfe. Mai yiwuwa tazarar da ke tsakanin ƙarafan birki da kwano ta yi yawa, sai an saita. Mai yiwuwa giris ya zubo daga cibiyar taya ya jiƙa su, ko kuwa an ɗaura birkin dama a hagu, domin kowane gefe da nasa. Bayan gajeriyar tafiya a kusantar da hannu ga kowane kwano ba tare da an taɓa ba: mai sanyi ba ya aiki, wanda zafinsa ya fi na saura kuma yana guga. Idan an kammala gyara, a nemi hanya busasshiya marar jama'a, a yi tafiyar kilomita 40 cikin sa'a, a matsa maɓallin hannu, a riƙa ƙara saiti har taya ta kusa ƙamewa, sa'an nan a rage kaɗan.

KAMMALAWA

Hanya mafi tsada ta gyaran birkin lantarki ita ce canja kaya bisa zato, yau kwantirola, gobe maganaɗisu, alhali cutar tana kan noti guda mai tsatsa. Hanyar kimiyya ita ce a san abin da ya kamata mita ta nuna kafin a ɗora ta, a raba da'ira gida biyu, a yi awo sa'ad da wuta ke gudana, a kuma tuna cewa hanyar komawa rabin da'ira ce. Malaman kimiyya za su iya kwaikwayon dukan wannan a aji da batir guda, da ƙwayayen fitilar mota huɗu, da maltimita. Malami ya ɓoye cuta a wani wuri, ɗalibai su nemo ta da awo, kuma a yaba wa rukunin da ya gano ta da mafi ƙarancin gwaji.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Tirela tana da maganaɗisu shida, kowanne om 3.2. Nawa ne jimlar turjiyarsu? Nawa za ta zama idan biyu suka katse?

2. An auna tsakanin bakin shuɗiyar waya da na fara a tirela mai maganaɗisu huɗu, aka sami om 3.3. Me wannan ke nunawa?

3. Mahaɗa mai turjiyar om 0.25 tana ɗauke da amfiya 10. Bolt nawa take cinyewa, kuma zafin wat nawa take fitarwa?

4. Don me mita kan nuna bolt 12 a ƙarshen wayar da ta kusa tsinkewa?

5. Ta wace fuska saƙon jijiya ya bambanta da kwararar lantarki a cikin waya?